Abin da Ya Sa Gawo Ke Zubar da Ganye da Damina

"Ku matso kusa, 'yan jikokina. Ga ta nan, ga ta nanku."

"Ta zo mu ji ta, Kaka, kunnuwanmu na nan."

Wani tsoho ne ana kiransa Nomau, yana da 'yar gona guda a bayan gari. Da ita yake ci da kansa da matarsa Tambai. A tsakiyar gonar akwai wani Gawo, wanda Nomau ya tarar tun yana ɗan tsiro, ya kewaye shi da ƙaya don kada awaki su cinye. Gawo ya girma bai manta ba.

Ana nan sai turmin Ƙoƙi matar Gizo ya tsage. Ta ce wa Gizo ya nemo mata itacen sassaƙa wani. Gizo kuwa kun san shi, ba ya son wahala. Ya hangi Gawon Nomau, ya ce a ransa, "Bari in sa tsohon nan ya sare da hannunsa, ni kuwa in ja gungumen."

Damina ta faɗi, Nomau ya shuka gero. Yabanya ta fito, sai ruwa ya ɗauke kwana goma sha biyu. Geron da ke gindin Gawo ya yi yaushi. Gizo ya zo ya ce, "Shannu Nomau. Ai Gawon nan ne ke shanye yuwan geyonka. Shaye shi!"

Nomau ya ce, "Bari in ga gobe."

Da suka tafi, Gawo ya sunkuyo ya ce, "Gero ƙanena, gaskiya ne?"

Gero ya ce, "Yaya, ina jin nauyin faɗa. Saiwata gajera ce, taka kuwa ta mamaye ko'ina. Duk inda na miƙa, sai in tarar ka riga ni."

Gawo ya kira Tana, wadda ta san cikin ƙasa ciki da bai, ya ce, "Tana, akwai ruwa a can ƙasa?"

Tana ta ce, "Akwai, amma da nisa, kuma hanyar da wuya."

"Kai ni."

Ya tura saiwarsa, ta huda rairayi. "Tana, mun iso?" "Da saura." Ta huda yumɓu. "Tana, mun iso?" "Da saura." Ta ci karo da marmara mai tauri, saiwa ta ɗaye, Gawo ya yi nishi har rassansa suka girgiza. Ya bi ta wata 'yar tsaga a hankali, a hankali, sai ya ji sanyi.

Tana ta ce, "Ka iso."

Daga ranar Gawo ya bar wa Gero ruwan sama-sama. Gero ya miƙe, ya yi kore shar.

Gizo ya dawo, ya ga bai ci nasara ba. Ya ce, "Nomau, dubi yadda inuwa ta danne geyon nan. Ba zai yi zangayniya ba. Shaye shi!"

Nomau ya ce, "Bari in ga jibi."

Gawo ya sake tambaya, "Ƙanena, wannan ma gaskiya ne?"

Gero ya ce, "Yaya, kullum ina miƙa wuya ina neman rana, har na sirance. Amma ka yi mini da yawa, kada ka damu."

Gawo ya dubi ganyensa. Duk itatuwan daji sun yi ado, lokacin taƙamarsu ne. Ya girgiza sau ɗaya, ganye ya zuba. Ya girgiza na biyu, rana ta leƙo. Ya girgiza na uku, bai bar ko ɗaya ba. Ganyen ya ruɓe a ƙasa, ya zama taki.

Gizo ya zo da gudu yana tsalle. "Ya mutu! Ya bushe! Nomau, ɗauko gatayi!"

A wannan karon Nomau ya yarda. Ya zo da gatari, idanunsa cike da hawaye, ya dafa jikin Gawo ya ce, "Ɗana, ashe za ka riga ni."

Ya ɗaga gatari ke nan, sai Gero duk ya kwanto ya rungume gindin Gawo. "Baba, kada ka sare! Ba mutuwa ya yi ba, saboda ni ya tuɓe."

Tambai, da ta kawo wa mijinta fura, ta sa farce ta ɗan kankare ɓawon. Ga shi ɗanye. Ta ce, "Malam, mai da gatarinka gida."

Haushi ya kama Gizo, ya ce shi zai hau ya karyo rassan da kansa. Ya manta Gawo na da ƙaya. Ta soke shi nan, ta soke shi can, ya faɗo tim, ya ruga yana kiran Ƙoƙi ta zo da allura.

Da kaka ta yi, geron gindin Gawo ya fi na ko'ina manyan zangarniya, har rumbu ya cika. Da rani ya tsananta, itatuwa duk suka zubar da ganye, sai Gawo ya yi sabon ganye shi kaɗai, domin saiwarsa na cikin ruwa. Nomau da Tambai suka riƙa hutawa a inuwarsa, awakinsu na tsintar 'ya'yansa.

To, kun ji, 'yan jikokina. In Allah ya ba ka ƙarfi, kada ka yi ƙwace da ƙaramin da ke kusa da kai. Kai ka tafi inda shi ba zai iya kaiwa ba, ka bar masa na kusa.

Ƙungurus! Kan kusu ne wannan, ba kan kowa a cikinku ba.