Gizo da Ciyawar da Ta Cinye Tafki

"Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa da wuta."

"Ta zo mu ji ta, Kaka."

Gizo ne da Kunkuru suke maƙwabtaka a bakin wani tafki. Ɓangaren Kunkuru bado ne ya yi shimfiɗa, ga farin fure, ga kifi na wasa a ƙarƙashi. Duk wanda ya zo shan ruwa sai ya ce, "Sannu Kunkuru, wurin nan naka gwanin sha'awa." Ɓangaren Gizo kuwa laka ce tsurarta, don bai taɓa dasa komai ba.

Kullum aka yabi Kunkuru sai Gizo ya ji haushi. Ya daina cin tuwo. Matarsa Ƙoƙi ta ce, "Maigida, roƙi saiwar bado mana ka dasa."

Gizo ya ce, "Ni in roƙi wannan mai ƙoƙon bayan? Abin da zai rufe nasa nake nema!"

Ya tafi wurin Shamuwa, wadda ta san ƙasashe. Ya ce, "Mai yawon duniya, wace ciyawa ce ta fi bado tsawo?"

Shamuwa ta ce, "Akwai kacala a wata ƙasa mai nisa. Amma can akwai masu cinta. Nan ba wanda zai taɓa ta, kuma ba ta san iyaka ba."

Gizo ya yi tsalle. "Ita nake so!"

Ya yi ta naci har Shamuwa ta kawo masa ƙwayar. Ya watsa a lakarsa. Kafin damina ta raba, ciyawa ta fi Raƙumi tsawo. Masu wucewa suka riƙa ɗaga kai suna cewa, "Kai, Gizo, ina ka samo wannan?" Gizo ya koma cin tuwo har da neman ƙari.

Ciyawa kuwa ta shiga ruwa. Tarwaɗa ta leƙo ta ce, "Gizo, ciyawarka ta toshe mana hanya, 'ya'yana ba sa iya numfashi."

Gizo ya ce, "Hassada ce, tafi can!"

Ciyawa ta kai tsakiyar tafki. Agwagwa ta zo ta ce, "Gizo, na rasa inda zan sauka."

"Hassada ce, tafi can!"

Ciyawa ta haye ta shaƙe bado. Kunkuru ya rarrafo ya ce, "Maƙwabci, ba don furena nake magana ba. Ruwan ne yake ƙarewa. Zo mu tuge ta tun muna iyawa."

Gizo ya yi dariya har da faɗuwa. "Yau kai ma ka ji yadda nake ji!"

Kunkuru ya juya. Ya ciji saiwar bado guda da ta rage, ya kama hanya. Agwagwa ta tashi. Kifaye suka bi ɗan ruwan da ya saura suka sulale.

Ana nan sai tsuntsaye jan-baki suka ga ciyawa ta yi duhu, suka sauka garke-garke suka yi sheƙa. Da gero ya nuna, gonar Gizo suka fara far wa. Ko zangarniya ba su bari ba.

Ƙoƙi ta ɗora hannu a ka. "Ba gero, ba kifi, ba ruwa. Tsawon ciyawa za mu tuƙa?"

Gizo ya ɗauki lauje ya yanke ciyawar, ta tofo. Ya cinna mata wuta, ta tofo har ta fi da. Ya kama tugewa, ya faɗi da baya cikin laka, ciyawa na nan tsaye.

Ƙishirwa ta kai shi har sabon tafkin da Kunkuru ya samu a bayan tudu. Yana hango ruwa ya ruga da tulu. Agwagwa ta tare shi. "Tsaya nan! Dubi ƙwayar kacala a ƙafafunka, har cikin gashin kanka."

Gizo ya marairaice, har da tsamin baki. "Kunkuyu, ɗan'uwana, kuyɓa ɗaya kawai."

Kunkuru ya ce, "Ruwa kam za ka sha, ba ma hana mai ƙishi. Amma ajiye tulunka can kan tudu, mu za mu cika maka. Kai ba za ka ƙara taka bakin tafki ba."

Haka Gizo ya zauna a rana, yana hangen kowa na wanka, shi yana jiran a miƙo masa.

To jikokina, kun ji. Wanda ya jawo baƙon abu don ya ɓata na maƙwabcinsa, bai san inda abin zai tsaya ba, kuma gidansa ba zai tsira ba. In kun ga ɗan'uwa ya yi abin kirki, ku tambaye shi yadda ya yi.

Ƙurungus, na ɗora ta kan ɗan kusu ya gudu da ita.