Barori Biyu da Suka Cinye Iri

Akwai wani maigida mai gonaki da yawa, wanda tafiya ta kama shi bayan girbi. Kafin ya tashi, ya ba kowane baransa dami guda na irin gero, ya ce su rataye a saman murhu, inda hayaƙi zai kori ƙwari, har ruwan shuka ya sauka.

Bazara ta yi tsawo a shekarar, rumbuna suka yi ƙasa. Sai biyu daga cikin barorin suka sauko da irin, suka sussuke, suka yi tuwo da shi. Ɗaya Habila ne, ɗan gari, kawunsa yana cikin dattawa. Ɗayan kuwa Irmiya, baƙo ne da ya zo cin rani ya zauna, ba shi da kowa a garin.

Da maganar ta fito, dattawa suka ce na Habila kuskure ne, ai ɗan mutunci ne, yunwa ce ta ja shi. Kawunsa ya ciro dami daga rumbunsa, aka rataya masa, magana ta mutu. Irmiya kuwa aka kira shi ɓarawo a bainar jama'a, aka ce ba mai zuwa masa gayyar noma. Habila yana zaune a wurin, har da gyaɗa kai.

Ruwan farko ya sauka, maigida ya dawo. Da ya ji labari, ya aika aka kira Irmiya. Habila ya gyara zama yana jiran a kori Irmiya. Ina! Sai maigida ya ba Irmiya sabon dami, ya kuma ce ya noma gonar bakin rafi, wadda Habila ya yi shekara uku yana sa mata ido.

Hassada ta cika Habila. In ya hango Irmiya da fartanya a kafaɗa ya nufi rafi, sai ya ji kamar ƙwace masa aka yi. A rana ta uku ya kasa daurewa, ya je ya durƙusa.

Ya ce, “Maigida, mutumin da ya cinye iri za ka ba gonar rafi? Mu da muka riƙe amana fa?”

Maigida ya ce ya je ya kawo nasa damin. Habila ya kawo da rawar jiki. Maigida ya zaro zangarniya ɗaya, ya murza a tafin hannu, ya hure.

Ya ce, “Irina dogon kai gare shi. Wannan gajere ne, na rumbun kawunka. Kai an rufa maka asiri tun ban dawo ba, ban kuwa tone ba. Shi Irmiya wa ya rufa masa? Ba zan karɓi gonarka ba. Amma gobe kai za ka kira mutane gayya a gonar rafi.”

Habila ya ɗauki daminsa ya fita, bai iya ɗaga ido ba.

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Maigida Ubangiji ne, irin kuwa amanar da ya ba kowannenmu. Dattawan nan mu ne. In ɗan babban gida ya faɗi, mukan ce kuskure ne, mu gama maganar a ɗaki. In ɗan gwauruwa ya faɗi a rami ɗaya, sai mu karanta sunansa a gaban ikilisiya, mu ajiye shi a bencin baya, mu manta da shi a can. Ranar da Allah ya ɗaga shi kuma, ranmu ya ɓaci.

Ubangiji ba ya duba gidan da mutum ya fito, kuma ya san irinsa. Kafin ka ji zafin jinƙan da aka yi wa wani, ka koma gida ka dubi abin da ke rataye a saman murhunka, ka tambayi kanka daga rumbun wa ya fito.