Tikitin da Nuala Ta Liƙa wa Breda

A shagon Fintan Geraghty, inda na yi shekara shida ina jera madara da burodi, akwai wata ma'aikaciya mai suna Nuala. Tana da ƙwazo, ba ta makara. Aibinta ɗaya ne: alherin wani yana hana ta cin abinci. Wanin nan kuwa kusan kullum Breda ce, abokiyar aikinta a kanta, wato teburin karɓar kuɗi, wadda babban laifinta shi ne mutane suna son ta.

A damunar nan cacar ƙasa ta yi mako goma sha ɗaya ba wanda ya ci, kuɗin ya taru har yuro miliyan goma sha tara. Garin ya zautu cikin ladabi. Layin masu sayen tikiti a shagonmu ya fita har bakin titi ana ruwa, ciki har da masu cewa caca harajin wawaye ce. Kuma kowa layin Breda yake bi, wai hannunta na da albarka. Fintan ma ya fara zancen naɗa ta shugabar ma'aikatan kanta.

"Albarka!" in ji Nuala. "Shekara takwas tana buga tikiti, wa ya taɓa cin ko kuɗin biskit?"

Shagon na da doka: wanda ya buga tikiti ba daidai ba har mai saye ya ƙi karɓa, shi zai biya daga aljihunsa ya riƙe abinsa.

Ran Asabar Breda ta shiga ciki haɗa shayi, ta bar na'urarta ta buga tikiti a buɗe da lambarta. Tsoho Malachy mai tumaki ya miƙo takardar lambobinsa. Nuala ta matsa kan na'urar Breda, da gangan ta buga masa wasu lambobi dabam na yuro ashirin.

"Kai, 'yar nan, waɗannan ba nawa ba ne! Shekara talatin ina buga ranar haihuwar matata marigayiya, yau za ki aura mini wata?"

Ta ba shi haƙuri, ta buga masa daidai a tata na'urar, sannan ta kai wa Fintan wancan.

"Maigida, ga aikin mai albarka. Lambarta ce a jiki."

Breda ta juya tikitin. "Ni dai ban tuna ba, amma yau kaina ba nawa ba ne." Ta biya. Fintan ya ɗaure fuska, zancen naɗi ya kwanta. Nuala ta ci abincin rana da kyau.

Tikitin bai ci miliyoyin ba. Yuro dubu ɗari da tamanin kawai ya ci.

Ran Litinin Nuala ta faɗo ofis ko sallama babu.

"Ni na buga shi! Da hannuna! A tambayi Baba Malachy!"

"Da lambar Breda?" in ji Fintan.

"E."

"Da gangan?"

Nan ne ta ji abin da bakinta ya faɗa.

"To, kuɗi na wadda ta biya ne. Ke kuma ajiye rigar shago a kan kujera."

Breda ta zama shugabar ma'aikatan kanta, ta sake rufin gidanta. Layinta ya ninka, ko da yake har yau ba wanda ya ƙara cin kuɗin biskit. Da Kirsimeti ta aika wa Nuala kwandon kayan daɗi, wanda a ganina ya fi korar zafi.

Darasin ba wai a je a sayi tikiti ba ne. Dubbai sun saya a makon nan, takarda suka samu. Darasin shi ne mai hassada ba ya duba abin da yake jifa da shi, burinsa dai ya samu wani. Sau da yawa abin da ya jefa rabonsa ne, kuma idan ya je ɗaukowa, da bakinsa zai tona kansa.