Alkawarin da Lorna ta karya

Akwai wani manomin alkama a Saskatchewan ta ƙasar Kanada mai suna Orval, tsoho mai taurin kai amma mai daɗin zama. Shi ya yi ta kai wansa wankin ƙoda shekara da shekaru har wan ya rasu. Ranar da aka binne shi, Orval ya ce wa matarsa Lorna, "Ki yi min alkawari, kome ya same ni kada a jona ni da injin nan." Ta yi masa.

Wata kaka wayar shinge ta yanke shi a ƙwauri. Ya ƙi zuwa asibiti, wai ƙwarzane ne kawai. Ciwon ya ruɓe, cuta ta shiga jini. Kafin a kai shi birni ya fita hayyacinsa, fitsari ya ɗauke.

Likitar da ta karɓe shi, Pelletier, ta ce ƙodarsa ta tsaya, sai an jona shi da injin wankin ƙoda an wanke masa jini.

Lorna ta ce, "A'a, 'yata, na yi masa alkawari." Har ta juya, zuciyarta ta kasa. Ta dawo ta ce, "Tsakaninki da Allah, irin ciwon wansa ne?"

"Ba iri ɗaya ba ne, Mama. Ƙodar wansa lalacewa ta yi, tasa suma ta yi. Injin zai riƙe mata aikin a hankali. Ba zan rantse za ta farfaɗo ba, amma in aka bar shi haka ba zai kai labari ba."

Lorna ta sha kuka, sannan ta ce, "A jona shi. In ya tashi ni da shi ne."

Kwanaki tana zaune, idonta na kan jakar fitsarin da ke rataye a gefen gado, ba ko ɗigo. Wata safiya fitsari ya fara sauka. Ban taɓa jin wanda ya yi murnar fitsari kamar baiwar Allahn nan ba, har ma'aikaciyar jinya sai da ta rungume.

Da Orval ya farfaɗo ya ga injin, sai ya ce, "Lorna, yaya muka yi da ke?"

"Na karya, tsoho. Yi ta faɗanka, dama muryar nake son ji."

Ya buɗe baki zai yi faɗan, sai kuka ya ƙwace masa. Kafin a sallame shi an cire injin.

Darasi: Ciwon wani ba lallai ya zama naka ba. Kafin tsoro ya yanke maka hukunci, tambayi masu sani. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu jinya.