Gorar Irin Dawar Kakangi

Akwai wata dattijuwa a Birnin Gwari mai suna Zulaiha, amma kowa Iya yake ce mata. Asalinta mutuniyar Kakangi ce. Damina uku da suka wuce 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu, suka ƙone rumbuna, ita da mijinta Malam Abarshi suka shigo gari a ƙafa. Wani ya ɗauko tabarma, wani ya jawo akuya. Shi Malam Abarshi gora ɗaya ya rungumo.

Irin dawa ne a cikin gorar, an cuɗe shi da toka, an liƙe bakin da laka. Wata kaura ce mai ja-ja da ya gada wajen mahaifinsa, shi ma ya gada wajen nasa. Ba a samunta a kasuwa.

Malam bai cika shekara a gari ba ya kwanta ciwon ajali. Ranar da jiki ya yi tsanani ya ce, "Zulaiha, in hanya ta buɗe ki mayar da ita gida. Ni ban samu komawa ba, ita ta koma."

Tun daga nan Iya take zaune a gidan 'yarta Rukayya, gorar tana rataye a kan gadonta. Kullum da hantsi takan fitar da kujera ta fuskanci hanyar Kakangi. In an kawo mata tuwon masara sai ta ci loma biyu ta ture.

"Iya, miyar ce ba ta yi ba?"

"Miya ta yi, Rukayya. Tuwon ne ba ya ƙamshin gida."

Bana da hanya ta ɗan lafa, mutane suka fara zuwa sharar gona da safe su dawo kafin la'asar. Iya ta sauko da gorar da murna. Tana dubawa ta ga lakar ta tsage. Ta zazzage a faifai, sai ga gari, sai ga ƙananan baƙaƙen ƙwari suna yawo.

Ta shanya a rana, manyan suka gudu. Amma Iya matar manomi ce, ta san halin ƙwaron hatsi. Yakan huda ƙwaya ya sa ƙwai a ciki ya liƙe ramin, ka ganta sumul alhali ana cinta ta ciki. Ga ruwa saura wata biyu. In ba a ware masu lafiya yanzu ba, kafin damina ta sauka sai dai ta shuka gari. Ga idonta ko zare ba ya iya sa wa allura.

Sai ta tuna da Abdulkahar, ɗan ƙanen mijinta, wanda ya yi difloma a Kaduna ya buɗe shagon kwamfuta a bakin kasuwa. Ta ɗaure irin a gefen zane ta tafi.

Abdulkahar ya leƙa, ya toshe hanci.

"Iya, wannan ai abincin kaji ne. Kajin ma sai marasa gata."

"Na ce ko a cikin kayan bokon nan naku akwai mai gani fiye da idona."

"Iya, duniya ta wuce nan. Ga ingantaccen iri can a leda, wata uku ya nuna. Ki zubar da wannan ki huta."

Ta ɗaure kayanta ta juya za ta tafi.

Rumfar da ke jikin shagon ta Gabriel ce, mai gyaran waya da rediyo, wanda iyayensa suka zo daga kudancin Kaduna tun yana goye. Duk abin da aka yi a kunnensa. Ya miƙe ya ja mata benci.

"Mama, zauna mu gani."

Ya ɗauko gilashin da yake duba cikin waya da shi. Bai nuna komai ba. Ya ciro 'yar kwalbar idon wata matacciyar na'urar faifan bidiyo ya manna a kyamarar wata tsohuwar waya. Wannan kam ya ƙara girma sosai, sai dai ko numfashi ya yi sai hoton ya gudu. Hannun ɗan Adam ba ya tsayawa cak.

"Mama, idon ya samu. Hannu ne babu." Sai ya waiga bayan shagon Abdulkahar.

A can akwai wani inji da Abdulkahar ya sayo da bugun ƙirji shekara biyu baya, irin wanda ke narka roba ya ƙera abu sannu a hankali. Ya ce zai cika garin nan da murfin waya da maƙalin makulli. Wata huɗu kan da ke narka robar ya ƙone, aka jefar da shi baya. Yanzu wata kaza ce ke ƙwai a ciki.

"Oga Abdulkahar, injin nan na baya, kana so?"

"Ka tambayi kazar, ita ce mai gida." Ya kwashe da dariya. "Ɗauka ka rage mini shara."

Ku tsaya in yi muku bayani, don ni da kuke gani a aji uku na sallami makaranta, ba ita ta sallame ni ba, amma a harkar inji ko farfesa sai ya ba ni kujera. Kan injin ne kawai ya mutu. Ƙananan motocinsa uku, wato masu motsa kan, suna da rai: ɗaya ta kai hagu da dama, ɗaya gaba da baya, ɗaya sama da ƙasa. Kuma in an umarce su, taku ɗaya nasu bai kai kaurin gashi ba. Hannun da ba ya rawa ke nan.

Gabriel ya kwance ƙonannen kan, ya ɗaure wayar nan mai ido a gurbinsa da robar tayar babur. Ya haɗa da tsohuwar kwamfutarsa da batirin sola. Bai yarda ya gwada da irin Iya ba, gero ya zuba. Gwajin farko injin ya dako kansa a faranti, gero ya watse har rumfar mai shayi.

"Injiniya!" in ji Modibbo mai shayi. "Yaushe jirgin zai tashi? A ajiye mini kujerar gaba!"

Abdulkahar kuwa kullum sai ya leƙo. "Ni mai difloma ya gagare ni, sai kai mai gyaran rediyo?"

Gabriel ya ci gaba da aikinsa. Kwana tara yana fama, masu waya suna zuwa suna komawa. Iya kuma kullum tana kan benci da ƙullinta a cinya, tana kallon sama ko hadari ya fara haɗuwa.

Rana ta goma ya shimfiɗa takarda mai danƙo a faranti, ya jera ƙwayoyin dawa layi-layi. Ya danna. Injin ya yi ƙara siririya, ya taka, ya tsaya. Sai ga wata baƙar dabba ta cika fuskar kwamfuta, da dogon hanci tana motsi.

Iya ta zabura har ɗankwali ya zame. "A'uzubillahi! Giwar dajin Kamuku ce ta shigo?"

"Ɓarawonki ne, Mama. Yau kin ga fuskarsa."

Daga nan aiki ya kankama. Injin ya taka, ya tsaya a kan ƙwaya. In an ga ɗan tabo kamar ɗigon kakin zuma, Gabriel ya ce, "Wannan da baƙo a ciki." Iya ta tsame ta da tsinken tsintsiya. A juya sauran, a sake bi. Kafin kwana biyu ita ke riga shi.

"Wuce, ɗan nan, wannan lafiyarta ƙalau. Tsaya! Koma baya. Munafuka, ga tabon nan."

Labari ya zaga kasuwa. Manoma suka fara layi da wake da masara. Ni ma na kai gashin bakin Modibbo na ce na kura ne, sai da mutum shida suka rantse sun gane kurar.

Da Abdulkahar ya ga layi sai ya fito yana gyara hula. "Jama'a, ku sani fa injin nan nawa ne."

Iya ko ɗaga kai ba ta yi ba. "Naka ne, lokacin da kaza ke ƙwai a ciki."

Kasuwa ta ɗauki shewa. Ya koma shago ya ja labule.

Ranar da aka gama, masu lafiyar ba su cika gwangwanin tumatir ba. Iya ta riƙe gwangwanin da hannu biyu. Sai ta kwance bakin zanenta ta ciro ɓallin lakar da aka liƙe gorar da ita.

"Ɗan nan, sa mini wannan ma."

"Laka ce fa, Mama."

"Na sani. Sa."

Ya ɗaga idon injin sama kaɗan, ya danna. Layuka suka bayyana, a jere, a lanƙwashe, kamar kunyoyin gona in an hango su daga kan dutse. Shatin babban yatsan wanda ya danne lakar ne. Injin yana tafiya a hankali har ya iso wani tsagi da ya ratsa layukan.

"Tsaya nan," in ji Iya. "Yatsan Malam ne. Lauje ne ya yanke shi, shekarar da na haifi Rukayya. Na ce ya bari a ɗaure, ya ce dawa ba ta jira."

Ta kai hannu ta shafa fuskar kwamfutar. Gabriel ya tashi ya fita waje, ya tsaya yana kallon hanya, har ta gama.

Ruwa ya sauka. Mijin Rukayya ya ɗauki Iya a babur zuwa Kakangi. Rufin ɗakinta ya rufta, ciyawa ta cinye tsakar gida, amma tsamiyar bakin gona tana nan. A gindinta ta shuka, ƙwaya bibbiyu, tana yi tana bismilla. Fiye da rabi ba su fito ba. Waɗanda suka fito kuwa suka yi tsayi har suka fi mutum.

Da kaka ta dawo da dami ɗaya tak. Ta ware na iri. Ta surfa kaɗan ta dama kunu, ta kawo rumfar Gabriel a kwanon sha, da zangarniya uku a hannu.

"Ga naka, ɗan nan. Ka kai wa mahaifinka ya shuka. Iri in yana gida ɗaya, wuta ɗaya ke cinye shi."

Ƙamshin kunun ya ratsa labule. Abdulkahar ya fito a hankali, ya tsaya daga nesa. Ƙamshin gidan kakansa ne, inda yake zuwa hutu yana yaro.

"Iya..." Ya matso kaɗan. "Ko akwai saura?"

"Abincin kaji ne fa."

Ya durƙusa. "Na tuba, Iya."

Ta miƙa masa ludayi, ta ɗora masa zangarniya ɗaya a cinya. Ta juya ta fuskanci hanyar Kakangi, ta ce a hankali, "Malam, na mayar."

Darasi: Kada ka raina abin da ya lalace, ko inji ne, ko iri, ko mutum, domin sau da yawa kai ne kawai ya ƙone, sauran jikin yana da rai. Girman kai ya ga shara, haƙuri da tausayi suka ga ido da hannu. In kana da wani da ke kewar gida, tura masa wannan labari, ka kuma yaɗa shi ga 'yan'uwa. Allah Ya mayar da kowa gonarsa lafiya.