Hayaƙin Gidan Zabuwa

An yi wani zamani da tsada ta sauka a garin dabbobi. Gero ya hau, gishiri ya hau, amma babu abin da ya kai itacen girki. Kurege ne kaɗai mai sayar da shi, shi kuwa haɗamarsa ta fi jikinsa girma.

A unguwar akwai wata tsohuwar Bushiya mai riƙon jikokinta marayu. Ba ta ɗaukar raini ko daga wa. Maƙwabciyarta Zabuwa ce, gwanar son a sani.

Wata safiya Bushiya ta je sayen itace. Kurege ya miƙo mata ɗaurin da bai kai kaurin wutsiyarsa ba.

"Wannan itace ne ko asuwaki?" in ji ta.

"Iya, haka kasuwa take. Gobe ma sai ya fi haka. In ba ki saya ba, jikokinki su ci ɗanyen gari."

"Ɗanyen gari? Kai ɗan nan, ina tuƙa tuwo tun uwarka ba ta san hanyar rafi ba. Riƙe tsiyarka!"

Ta juya hannu wofi. Magana dai ta faɗa, amma ga yara can suna jira, kuma magana ba ta dafa tuwo. Ta bi gonaki ta tsinto kara da totuwar masara da busasshen kashin shanu. Ta duba, ko miya ba za su nunar ba. Sai ta shiga bin gida-gida.

"Kowace ta shige kicin ta hura tata wutar, Kurege yana ƙiba, 'ya'yanmu suna ramewa. Ku kawo abin da kuka tsinto mu hura wuta ɗaya. Mai tuwo ta sauke, mai miya ta ɗora. Garwashin da ya rage a dafa wake."

Matan unguwa suka ce sun ji. Zabuwa ta taɓe baki.

"Ni? In fito da tukunyata tsakar unguwa kowa ya leƙa? Allah ya sawwaƙe, Gwaggo! Gidana ba a girki da kashin shanu."

"To, ki yi ta girki da turare," in ji Bushiya, ta wuce.

Aka kafa murhu gindin tsamiya. Ba a rasa faɗa ba, don Agwagwa kullum sai ta ce an shige mata layi. Amma babu yaron da ya ƙara kwana da yunwa.

Ita kuwa Zabuwa kullum la'asar sai ta gifta da ɗaurin itacen Kurege a ka, tana taku ɗai-ɗai. Jim kaɗan hayaƙi ya turnuƙe saman gidanta.

Bushiya ta sa ido. Hayaƙi kam akwai, amma babu ƙamshin daddawa, babu ƙarar muciya. 'Ya'yan Zabuwa kuma sai su raɓe jikin katanga, idonsu na kan bakin jikokinta.

Rannan Bushiya ta yi sallama a gidan Zabuwa, ba ta jira amsa ba, ta zarce wajen murhu ta ɗage murfin tukunya. Ruwa ne zalla yake ta tafasa.

"Wannan wace irin miya ce?"

Zabuwa ta sunkuyar da kai. "Gwaggo, ki rufa mini asiri. Abin da zan auno hatsi da shi, shi nake ba Kurege. Ba na son a ce yau gidan Zabuwa ba a ɗora tukunya ba."

"Au! Kin ciyar da idon unguwa, kin bar 'ya'yanki da azumin dole? Tir! Hayaƙi suke ci? Zubar da ruwan nan, ɗauko tukunyar ki biyo ni."

"Za su yi mini dariya."

"Za su yi. Sai ki haɗiye, ba ta kisa."

Dariya kam an yi ta, Agwagwa har da faɗuwa ƙasa. Amma wannan ta zuba mata gari, waccan ta ba ta kuka, 'ya'yanta suka ci suka lashe kwano. Washegari hatsi ta auno, ta tsinto kara kamar kowa.

Ashe ita ce ta rage wa Kurege a masu saye. Shi kuwa ya riga ya jibge itace a bayan rumfa yana jiran ya ƙara tsada. Damina ta faɗi a kansa, gara ta shiga daga ƙasa.

Sai ga shi gindin tsamiya da ɗauri a kafaɗa, yana ɗan murmushi.

"Iya, na rage muku. Ku ba da abin da ya sawwaƙa."

Bushiya ta zaro guda ta matsa, ya marmashe a hannunta, jar ƙasa ta zubo.

"Ai ka riga ka yi ciniki, ɗan nan. Je ka wurin gara ta biya ka. Matsa mana, kana tare iska."

Darasin wannan labari shi ne, idan kaya suka yi tsada, ku rage abin da kuke yi don idon mutane, kada ku rage abin da ke shiga cikin yara. Tsintar kara ba abin kunya ba ne, haɗa wuta da maƙwabta ma haka. Wanda kuma ya tsawwala muku, kada ku tsaya roƙonsa. Ku juya masa baya ku nemi wata hanya, da ƙafarsa zai zo ya same ku.