Telan da ya hana a taɓa masa ruwa

Akwai wani tela da ake kira Gwani, kuma sunan ya dace da shi. In ya ɗora ƙafarsa ta dama a kan keken ɗinki, har maƙwabta sukan san ya buɗe shago. Da wannan ƙafar yake ciyar da gidansa. Aibinsa ɗaya ne: ba a gaya masa magana.

Da ciwon suga ya daɗe a jikinsa, sai tafin ƙafafunsa ya fara raɗaɗi kamar ya taka garwashi. Likita ya duba shi ya ce jijiyoyin ne suka taɓu.

"Za ka riƙa jin wuta daga ciki, amma zafin waje ba za ka ji shi ba," in ji likitan. "Man shafawa yana rage raɗaɗi, ba ya warkarwa. Ka riƙe maganin suga, a riƙa duba maka tafin kullum, kuma kada ka sa ƙafa a ruwan zafi."

Gwani ya ce to, amma iyakarta baki.

Duk wanda ya kawo ɗinki sai ya bar masa magani. Wannan ya ce man zafi, wancan ya ce dakakkiyar tafarnuwa da man zaitun. Kan tagar ɗakinsa ya cika da kwalabe da gwangwanaye, har matarsa take tsokanarsa wai saura ya kafa allo ya fara sayarwa.

Sai wani direba ya ce masa ruwan zafi da gishiri ne ke zuƙe ciwon. Matar ta yi magiya, ya ƙi ji. Da ta ga babu makawa, sai ta riƙa haɗa ruwan da kanta, ta sirka, ta tsoma gwiwar hannunta kafin ya sa ƙafa. Wannan tsomawar ce take ƙona masa rai.

"Ni jariri ne da za ki riƙa gwada min ruwa?"

"Baban yara, ƙafar nan ba ta gaya maka gaskiya. Bari hannuna ya ji maka."

"Ƙafata ce ko taki? Ruwan naki ma ko ɗumi babu!"

Washegari ya tafi da baho shago. Ya tafasa ruwa a butar lantarki, ya juye, ya watsa gishiri, ya zura ƙafar dama. Bai ji komai ba sai daɗi. Ya ɗauki allura yana sa maɓallai a wata riga, tururi na tashi, shi kuwa har da 'yar waƙarsa.

Da ya ciro ƙafar, fatar ta yi fari ta kumbura. Amma ya koma gida ya ce wa matarsa ita ce mai gaskiya? Ina! Ya lafta man zafi a kan ƙunar, ya ja safa ya rufe.

Kwana da kwanaki yana kwana da safa, wai sanyi yake ji. In ta miƙa hannu za ta duba tafin, sai ya daka mata tsawa. Wari ne ya tona masa asiri. Ranar da zazzaɓi ya kayar da shi, ta cire safar, ta ga yatsun sun yi baƙi. Ta ɗora hannu a ka tana salati.

A asibiti likita ya daɗe yana kallon ƙafar.

"Da ranar da abin ya faru kuka zo, da wanki da ɗauri sun isa. Yanzu in ba a yanke ba, ranka za ta ci."

"Likita, da ita nake taka keke," in ji Gwani.

Aka yanke ta daga ƙasan gwiwa.

Bayan an sallamo shi, wata safiya yana kwance, sai ya fara murƙususu yana cije leɓe. Ashe raɗaɗin bai tafi da ƙafar ba. Yana jin sa a tafin da babu shi, kamar yadda yakan faru ga waɗanda aka yanke wa gaɓa.

"Ki taimake ni," ya ce wa matarsa, karon farko a zamansu da ya roƙe ta. "Tafin dama yana ci da wuta. Shafa min mai."

Ta buɗe gwangwanin, ta lakato man a yatsa, ta ɗaga bargo. Ta tsaya tana kallon zanen gado, hawaye na zuba.

"Baban yara, a ina zan shafa?"

Darasi: Man shafawa da haɗin gida ba sa maye gurbin likita, kuma ƙafar da jijiyoyinta suka taɓu ba ta iya gaya maka tana ƙonewa. Kada girman kai ya sa ka ture hannun mai tausayinka, ko ka ɓoye rauni don kunya. Ku tura wa duk mai fama da raɗaɗin ƙafa, da masu kula da shi.